Doki Mai Gudu Sai Linzami Mai Ƙarfi

Ina so in faɗi ra'ayina a kan wata magana da ta daɗe tana jawo gardama a tsakaninmu ɗalibai, musamman in an dawo daga hutu. Maganar kuwa ita ce ta motocin tsere da irin gyaran da ake yi musu. Da yawa daga cikinmu mukan kalli hotunan waɗannan motoci a wayoyin yayyenmu lokacin hutu, mu ga yadda masu su ke cire faifan birkin da kamfani ya sa, su ɗaura wani babba mai huda-huda, wanda ke ƙyalli ta cikin ƙafar mota. Daga nan sai wasu suka ɗauka cewa duk motar da aka sa wa babban faifai ta fi ƙarfin haɗari. Har akwai masu cewa da za a sa wa motocin hayar hanyarmu irinsa, da an huta da asarar rayuka.

Ni nawa ra'ayin ya saɓa wa wannan. Babban faifai abu ne mai amfani ƙwarai, amma a wurinsa, watau filin tsere. Abin da ya kamata mu ara daga masu tsere shi ne halinsu, domin su mutane ne da ba su yarda su ƙara wa mota gudu sai sun tabbata za ta iya tsayawa. Wannan hali kuwa ba ya bukatar kuɗi masu yawa, kuma shi ne muka rasa.

Ni mutumin Mandera ne, a yankin Boɗinga da Shagari, shekaruna goma sha shida. Babban titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega, shi ne hanyar kasuwarmu da asibitinmu, kuma shi muke bi mu zo makaranta mu koma gida. Saboda haka in na yi maganar birki, ina maganar abin da ke riƙe da raina ne sau shida a shekara, zuwa uku da komawa uku, da kuma ran iyayenmu masu zuwa ziyara.

Bari mu fara da yadda birki ke aiki, don kada mu yi ta gardama a kan abin da ba mu fahimta ba. A bayan ƙafar mota akwai wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita. A gefen faifan akwai wani ƙarfe mai kama da awartakin maƙeri, yana riƙe da takalman birki guda biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. In direba ya taka birki, sai man birki ya bi ta cikin siraran bututu ya tura takalman nan su matse faifan, ƙafa ta rage juyawa. Akwai kuma tsohon samfuri, wanda ake kira birkin ganga, inda takalman ke cikin wata gangar ƙarfe suna tokare ta daga ciki. Har yanzu ƙananan motoci da yawa suna da faifai a gaba, ganga a baya.

To, ina ƙarfin gudun motar yake tafiya in ta tsaya? A darasin kimiyya an koya mana cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sake kama. Wanda ya taɓa murza tafin hannunsa da sanyin safiya ya san cewa guga na haifar da zafi. Haka birki yake, aikinsa shi ne ya mai da gudu ya zama zafi. Na yi lissafi da abin da muka koya a aji, na ga motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, in tana gudun kilomita 100 a awa aka tsai da ita, zafin da zai fito ya isa ya tafasa ruwa kusan lita 2. Abin mamakin kuma shi ne, in aka ninka gudun sau biyu, zafin sai ya ninka sau huɗu. Watau a gudun kilomita 200, taka birki sau ɗaya tak zai tafasa ruwa sama da lita 7. Kuma mafi yawan wannan zafi, wajen kashi 70 cikin 100, faifan gaba ne ke shan sa, domin in an taka birki nauyin mota gaba yake zubowa, kamar yadda fasinja kan ji an tura shi gaba.

Wannan zafi shi ne babban abokin gaban masu tsere tun da daɗewa. Wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar birkin faifai tun a 1902, amma sai da aka yi shekara hamsin kafin duniya ta yarda da shi. A 1953, a gasar awa 24 ta garin Le Mans a Faransa, kamfanin Jaguar ya shigo da motoci masu birkin faifai na Dunlop, alhali manyan abokan karawarsa suna da birkin ganga. A filin akwai miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon kusan kilomita 6, wadda ta ƙare da kwana mai tsanani. Masu birkin ganga dole su fara rage gudu tun da nisa, domin ganga rufaffiya ce, zafi na taruwa a cikinta har birki ya daina kamawa. Motar Jaguar kuwa, da yake faifanta a buɗe yake iska na dukansa, sai ta ci gaba da gudu har kusa da kwanar kafin ta taka. Tony Rolt da Duncan Hamilton suka ci gasar a wannan shekara. Ku duba fa, abin da ya ba su nasara a gasar gudu shi ne iya tsayawa.

Yanzu sai mu zo kan dalilin da ya sa mai motar tsere ke neman faifan da ya fi na kamfani girma. Dalilan uku ne. Na farko, babban faifai ya fi ƙarfe da yawa, ƙarfe mai yawa kuwa ya fi jinkirin ɗaukar zafi, kamar yadda babbar tukunya ta fi ƙaramar butar shayi jinkirin tafasa a kan wuta ɗaya. A lissafina, in faifan gaba biyu kowanne kilo 7 ne, tsayawa ɗaya daga gudun kilomita 200 za ta ƙara musu zafin digiri 250 ko kusa da haka. In kuwa kowanne kilo 11 ne, ƙarin ba zai wuce wajen digiri 160 ba. Na biyu, babban faifai yana da faɗin da iska za ta daka, kuma a tsakiyarsa akwai ƙofofi da ke zuƙo iska kamar zugazugin maƙera, saboda haka yakan huce da wuri. Na uku, da yake takalman suna kama shi nesa da tsakiyar ƙafa, ƙarfin riƙonsu yana ƙaruwa, kamar yadda bakanike kan zura bututu a hannun sifana in noti ya ƙi kwancewa.

Duk wannan yana da muhimmanci ga mai tsere, domin shi a kowane zagaye yakan taka birki da ƙarfi sau da yawa, cikin minti biyu ko ƙasa da haka, ya kuma yi zagaye ashirin ko hamsin. Kafin faifan ya huce daga kwanar farko, ta biyu ta iso. In zafin ya taru, takalman sukan yi santsi, direba ya taka da iyakar ƙarfinsa mota ta ƙi tsayawa. Ko kuma man birkin ya tafasa ya zama tururi, feda ta nutse har ƙasa ba ta kama komai ba. A motocin gasar Formula 1 zafin faifai yakan kai digiri 1,000, har a gan shi ya yi ja jawur, shi ya sa nasu ba na ƙarfe ba ne, da kabon ake yin su. Saboda haka in mutum yana da motar wasa, yana kai ta filin tsere, ya kuma ga birkinta na gajiya bayan 'yan zagaye, to sa babban faifai hankali ne, ba almubazzaranci ba.

Amma ga inda abokan gardamata suka yi tuntuɓe. Babban faifai ba ya rage nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya a taka ɗaya. Duk motar da birkinta ke da lafiya, ko da ƙaramin faifai ne, tana da ƙarfin da za ta ƙulle ƙafafunta su daina juyawa. Kowa ya taɓa ganin baƙin zanen taya a kan kwalta ya ga shaidar haka. To, in ƙaramin faifai ya isa ya ƙulle ƙafa, me babba zai ƙara? Daga wannan lokaci magana ta koma tsakanin taya da ƙasa. Wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai fi faɗin tafin hannun babban mutum ba, kuma waɗannan tafuka huɗu su kaɗai ke riƙe da mota da duk waɗanda ke cikinta. In tayar ta suɗe, ko iska ta watso rairayi a kan titi, kamar yadda yake faruwa a hanyarmu da hunturu, ko ruwan farko na damina ya sauka a kan ƙura da baƙin mai, to ko faifan ya kai girman faifan shiƙa motar sulɓewa za ta yi.

Bayan haka, babban faifai yana zuwa da nasa wahalhalun. Ba ya shiga cikin ƙaramin rim, sai an sayi manya, manyan rim kuwa da siraran tayoyi suke tafiya, irin waɗanda rami ɗaya kan fasa. Yana ƙara wa ƙafa nauyi, sai ta riƙa tsalle a kan gargada maimakon ta lafe a ƙasa. Masu ƙera mota sun auna yadda birkin gaba da na baya za su raba aiki, in aka ƙarfafa na gaba kaɗai ba tare da lissafi ba, sai ƙafafun gaba su ƙulle tun na baya ba su yi nasu aikin ba, nisan tsayawa ya ƙaru maimakon ya ragu. Akwai ma takalman tsere da ba su kamawa sosai sai sun yi zafi, wanda ya sa su a motar gari zai iya fitowa da asuba ya taka birki ya ji shiru. Hausawa sun ce ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Abin da ya fi burge ni da masu tsere na gaskiya shi ne jerin da suke bi. Babban faifai shi ne na ƙarshe a lissafinsu. Sukan fara da taya mai kyau, su auna iskarta kafin su shiga fili da bayan sun fito. Sa'an nan su zubar da tsohon man birki su zuba sabo. Sa'an nan su duba kaurin takalma, su duba bututu ko akwai mai yoyo, su buɗe wa iska hanyar da za ta isa ga faifai. Sai in duk wannan bai wadatar ba, kana su sayi babba. Kuma ko attajiri ne, ba a barinsa ya shiga gasa sai alƙalai sun duba motarsa. Yanzu mu ɗauki wannan jeri mu auna motocin da muke shiga da shi.

Mu fara da man birki. Irin wanda aka rubuta wa DOT 3 a jikin gwangwani, in sabo ne ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 205, DOT 4 kuma sai ya haura 230. Amma wannan mai yana da wani hali, yakan tsotsi laimar iska a hankali, in ya tsufa sai ya iya tafasa tun a wajen digiri 140 zuwa 155. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a sake shi duk bayan shekara biyu. Direbobi nawa ne a tashoshinmu suka taɓa sake shi gaba ɗaya? Galibi ƙari kawai ake yi in ya ragu, ba a ma tambayar inda wanda ya ragu ya tafi. Mafi muni, na taɓa gani da idona a wata tasha, yaron mota ya kaɗa ruwan sabulu ya ɗura a mazubin man birki, wai don a lallaɓa a kai gari. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, ga shi yana sa tsatsa, a ƙasar da zafin rana kaɗai kan wuce digiri 40 a watan Afrilu.

Sai taya. Akasarin motocin haya da tayoyin gwanjo suke tafiya, waɗanda aka gama cin moriyarsu a Turai. A can doka ta hana hawa titi da tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, mu kuwa a nan sai zare ya leƙo ake tunanin sauyi. Kuma taya tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba, robar takan bushe ta tsattsage. Ga wani abu da kowane ɗalibi zai iya koya cikin minti ɗaya: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Sa'an nan akwai wata ɗabi'a ta daban, in bututun ƙafa ɗaya ya fara yoyo sai a sa guduma a daddanne shi, mota ta ci gaba da aiki da birkin ƙafa uku. Irin wannan motar, ranar da aka taka ta da ƙarfi, gefe ɗaya za ta fizga, ko daji ko cikin motar da ke tahowa.

Ga kuma lodi. Motar da aka ƙera don mutum biyar, sai a sa biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, a cika but da buhunan albasa ko gero har murfin ya ƙi rufuwa, a ɗaure da igiya. Kowane buhu ƙarin zafi ne ga birki, ƙarin nauyi ne ga tayar da dama ta gaji. Daɗin daɗawa, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wasu direbobi sun ƙara ƙaimi wajen sakin mota ba giya, wasu har su kashe inji a gangara don tattalin mai. Ba su san cewa abin da ke sa fedar birki ta yi laushi daga inji yake samun ƙarfinsa ba. In inji ya mutu, taka ɗaya ko biyu ya rage, daga nan feda ta yi tauri kamar dutse.

Amma duk cikin waɗannan ba abin da ya kai gudu. Bari in kawo lissafi mai sauƙi, a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau, da direban da ke farke. Kafin ido ya gani ƙafa ta kai kan birki, akan yi wajen daƙiƙa ɗaya. Mai gudun kilomita 80 zai tsaya bayan mita 58 ko kusa. Mai gudun 100 sai ya ci mita 84. Mai gudun 120 kuwa sai ya ci mita 114, ya fi tsawon filin ƙwallonmu. To, a ce yarinya mai tallan fura ta gitta titi, ko jaki ya fizge daga hannun mai shi, mita 60 a gaban mota. Mai gudun 80 zai tsaya dab da ita. Mai gudun 100 zai buge ta yana kan gudun wajen kilomita 65. Mai gudun 120 kuwa zai iso kanta da gudun kusan 100, kamar bai taka birki ba. Ba wani faifai, komai girmansa, da zai sauya wannan lissafi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari, 80 kuma ga ƙananan motoci da na haya a kan babban titi irin namu. Wanda ya sa waɗannan lambobi ya yi lissafin nan kafin ya sa su.

Iyayenmu suna yawan yabon Peugeot 504, wadda suke kira Fijo, kuma suna da gaskiya. An fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma a wannan shekarar ce wani direba ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya ci gasar Safari ta ƙasar Kenya da 504, a kan hanyoyin ƙura da taɓo masu kama da namu. A 1978 wata 504 ta sake cin gasar. Tun fitowarta a 1968 ƙaramar 504 tana da birkin faifai a ƙafafunta huɗu. Sai dai abin lura shi ne, motar da ta ci Safari tana da makanikai da ke jiran ta a hanya, suna sauya mata taya da takalma tun ba su mutu ba. 'Yar'uwarta da ta yi haya a hanyar Jega kuwa, sai abu ya karye ake kai ta gareji. Ƙira ɗaya ce, kiwo ne ya bambanta.

Na san za a ce mini direba talaka ne, ga kuɗin da zai kai wa mai mota kullum, ga tsadar mai, ga kuɗin tasha, ga iyali, ina zai samu na sabuwar taya? Wannan magana gaskiya ce, kuma ba na raina ta, domin a cikin danginmu akwai masu wannan sana'a, na san yadda suke fama. Amma ai wannan hujja ce a gare ni. In kuɗin kaɗan ne, sai a kashe su inda suka fi amfani. Gwangwanin man birki bai kai kuɗin fasinja biyu ba. Auna iskar taya wurin mai faci kusan kyauta ne. Ɗaga ƙafa daga totur ba a biyan ko kwabo, hasali ma mai yake ragewa. Kuma nauyin ba na direba kaɗai ba ne, mai motar da ke karɓar kuɗi kowace yamma shi ya kamata ya sayi taya. Wasu kuma za su ce ai komai ƙaddara ne, in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a tafi. Haka ne, amma ban taɓa ganin wanda ya hau ingarma ba linzami ranar hawan salla don ya dogara da ƙaddara ba. Mahayanmu sukan yi sukuwa su zo gaban sarki su ja linzami doki ya tsaya cak, kuma wannan tsayawar ce ake yi wa guɗa.

Akwai kuma samari masu wasan mota, waɗanda kan juya motoci a kan titi ranar ɗaurin aure ko salla, yara na kewaye da su suna ihu. Ba na cikin masu cewa son mota laifi ne, ni ma ina son ta. Amma su tuna da abin da ya faru a Le Mans ranar 11 ga Yuni 1955. Wata mota ta rage gudu ba zato don ta shiga wurin shan mai, ta bayanta ta kauce, wata Mercedes da ke tafe a guje ta hau kanta ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo. Mutum sama da 80 suka rasu. Wannan fa a filin da aka tanada ne, da ƙwararrun direbobi. Bayan haka aka sake fasalin filin, aka nisanta 'yan kallo, ƙasar Suwizalan ma ta hana irin wannan tsere shekaru masu yawa. In haka ta faru a can, me ake tsammani a kan titin unguwa, inda ba shinge ba motar asibiti?

Shawarata ita ce gwamnatin jiha ta keɓe wani fili a bayan gari, ta kewaye shi, a sa dokoki, a riƙa duba mota kafin ta shiga, a tilasta hular kwano da ɗamara. Fili ba shi muka rasa ba a ƙasar Sakkwato. A can ne babban faifai zai sami aikin yi, a can kuma samarinmu za su koyi cewa gwanin direba shi ne wanda ya san inda zai taka birki. Abin ba baƙo ba ne a yankinmu, domin a bikin kamun kifi na Argungu na watan Maris 2020 an yi gangamin motoci da ya taso daga Abuja. Kuma muna da abin koyi a gida. Jelani Aliyu, wanda ya yi karatu a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, ya kuma shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. Shi ma a benci irin namu ya zauna, son mota ya kai shi ga littafi da fensir.

Daga ƙarshe ina da roƙo. Ina roƙon shugabannin tasha su sa wani dattijo mai ido ya riƙa duba taya da man birkin kowace mota kafin a yi mata lodi, kamar yadda alƙalan tsere ke yi. Ina roƙon iyayenmu, in sun rako mu tasha ranar komawa makaranta, su zagaya motar su dubi ƙafafunta kafin su biya, in ba su gamsu ba a jira ta gaba, sannu ba ta hana zuwa. In direba ya fara wuce kima, babba ya yi masa magana, sauran fasinjoji kuma su mara masa baya maimakon su ce suna sauri. Ina roƙon hukumar makaranta ta gayyato jami'an kiyaye haɗurra da wani gogaggen bakanike, su kwance mana ƙafar mota a filin taro mu ga abin da ke ciki. Mu kuma ɗalibai, da yawanmu nan da 'yan shekaru za mu riƙe sitiyari ko kan babur. Mu fara tun yanzu da karanta lambobin taya, mu koya wa ƙannenmu kada su tsallaka titi don sun hango mota da nisa, domin yanzu mun san nisan da take bukata.

Allah ya kiyaye hanyoyinmu, ya ji ƙan waɗanda suka rasu a kansu, ya kai mu gida lafiya a wannan hutu, ya kuma maido mu lafiya, amin.